KIMIYYA A SAUƘAƘE: Manhajar gyaran murya, taimako ce ko maguɗi?

 

A wannan makon ɗakin ɗaukar waƙa za mu leƙa. Da wuya a samu wani a cikinku da bai taɓa jin irin waƙar nan ba wadda muryar mawaƙin take wani irin karyewa, tana tsalle daga sama zuwa ƙasa kamar ba daga maƙogwaron ɗan Adam ta fito ba. Ana jin ta a gidan biki, da shagon cajin waya, da cikin a-daidaita-sahu, da finafinanmu na Hausa. Wasu na cewa baiwa ce, wasu na cewa aikin kwamfuta ne. To, mafi yawan lokuta masu cewa kwamfuta sun fi gaskiya. Akwai manhajar da ke wannan aiki, kuma wadda ta fi shahara sunanta Auto-Tune.

Dalilin da ya sa muka ɗauko batun shi ne, da yawa daga cikinku suna rera waƙa a ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ta Hausa a makaranta, wasu har suna mafarkin shiga sitidiyo wata rana. Irin waɗannan ɗalibai sukan saurari muryarsu a waya, su kwatanta da ta fitattun mawaƙa, sai gwiwarsu ta yi sanyi. Wasu kuma su ce ai babu buƙatar wahalar koyo, tunda na'ura za ta gyara komai. Duka ɓangarorin biyu akwai abin da ya kamata su sani.

Mece ce murya tukuna?

Ka ɗora yatsunka a kan maƙogwaronka, ka ja "aaa". Za ka ji wani abu yana karkarwa. Wasu 'yan tantani ne guda biyu a cikin maƙogwaro, waɗanda iskar da ke fitowa daga huhu take kaɗawa. Idan suka yi karkarwa da sauri, murya ta fito siririya. Idan suka yi a hankali, ta fito da kauri. Malaman fiziks suna ƙirga sau nawa abu ya yi karkarwa a daƙiƙa ɗaya, kuma suna kiran ma'aunin da suna Hertz, sunan wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz. Muryar babban namiji idan yana magana takan yi karkarwa wajen sau 100 zuwa 150 a daƙiƙa, ta mace kuma wajen sau 200 ko fiye.

A tsarin kiɗan Turawa, wanda a kansa aka ƙera fiyano, an jera sautuka kamar matakan tsani. Akwai matakin da aka amince a riƙa auna sauran da shi, wanda ke karkarwa sau 440 a daƙiƙa. Idan aka ninka shi ya zama 880, kunne zai ji sauti iri ɗaya ne, sai dai wannan ya fi siranta. Tsakanin 440 da 880 an yanka matakai 12, kowane mataki ya ɗara na ƙasansa da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Saboda haka matakin da ke ƙarƙashin 440 yana wajen 415, wanda ke samansa kuma wajen 466.

Idan aka ce mawaƙi ya kauce, ana nufin kiɗa yana kan 440, shi kuma muryarsa ta sauka a kan 430 ko 450. Ko wanda bai taɓa shiga ajin fiziks ba zai ji akwai abin da bai zauna daidai ba.

Daga neman mai zuwa gyaran waƙa

Wanda ya ƙirƙiro Auto-Tune ba mawaƙi ba ne. Wani injiniya ne Ba'amurke mai suna Andy Hildebrand, wanda ya yi aiki da kamfanin mai na Exxon. Masu neman mai sukan aika ƙara mai ƙarfi cikin ƙasa, su saurari yadda take dawowa bayan ta bugi duwatsu, sannan su yi amfani da lissafi su zana taswirar abin da ke can ƙarƙashi. Wannan lissafi shi ne sana'ar Hildebrand. Amma tun yana yaro yana busa sarewa, don haka da ya bar harkar mai sai ya koma wajen kiɗa, ya kafa kamfanin da a yau ake kira Antares.

Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa wata rana ana cin abinci a wajen wani taron baje kolin kayan kiɗa, sai wata mata ta ce masa cikin raha ya ƙera mata na'urar da za ta sa ta rera waƙa daidai. A lokacin ba a ɗauki maganar da muhimmanci ba. Daga baya ya zauna ya ga cewa irin lissafin da ya saba da shi wajen nazarin amon cikin ƙasa zai iya gano matakin muryar mutum cikin gaggawa. A shekarar 1997 manhajar ta fito kasuwa. A 2023 kuma masu ba da kyautar Grammy suka karrama shi saboda wannan aiki.

Masu cewa "ina ruwana da lissafi, ni waƙa zan yi" sai su lura da nan. Sautin da ya mamaye waƙoƙin duniya a yau daga allon lissafi ya fito.

Yadda take aiki

Aiki uku manhajar ke yi, cikin ƙasa da ƙiftawar ido.

Na farko, tana gano matakin da murya take. Ku ɗauki misalin atamfa mai zane da ke maimaita kansa. Idan ka yanko ƙyalle biyu ka ɗora ɗaya a kan ɗaya, ka riƙa jan na sama a hankali, akwai inda zanen zai sake haɗuwa daram. Nisan da ka ja kafin ya haɗu shi ne tsawon zane ɗaya. Haka manhajar ke yi wa igiyar sauti: tana kwafe ta, tana zame kwafin a kan ta asali har su dace. Idan ta ga zanen yana maimaituwa sau 430 a daƙiƙa, ta san inda mawaƙin yake.

Na biyu, tana duba tsani ta ga wane mataki ne ya fi kusa. Ga mai 430, matakin 440 ne.

Na uku, tana ja muryar zuwa can. Nan ne wahalar take. Ku tambayi iyayenku abin da ke faruwa idan batirin rikoda ya yi sanyi: kaset yana jan jiki, murya ta yi kauri kamar ta dodo. Wato a da, duk wanda ya taɓa sauri ya taɓa kaurin murya. Manhajar tana raba abubuwan biyu ta hanyar maimaita wasu 'yan guntayen igiyar sautin ko cire su, yadda matakin zai canja amma tsawon waƙar ya zauna yadda yake. Kun san ɗan uwan wannan dabara a WhatsApp: idan ka ƙara saurin saƙon murya ya ninka biyu, mai maganar yana sauri amma muryarsa ba ta koma ta jariri ba.

Akwai wani maɓalli da ya fi kowane muhimmanci, wanda ke saita saurin gyaran. Muryar mutum ba ta dira a kan mataki kai tsaye. Takan zame ta hau, ta ɗan yi rawa a kai, sannan ta gangara zuwa na gaba. Idan aka saita gyaran ya tafi a hankali, manhajar za ta bar waɗannan lanƙwasa, ta ɗan tura muryar kawai, kuma mai sauraro ba zai gane an taɓa ta ba. Idan kuwa aka mayar da maɓallin kan sifili, kowace zamiya za ta koma tsalle, muryar ta riƙa dira daga mataki zuwa mataki babu komai a tsakani. Wannan shi ne sautin nan mai kama da na mutum-mutumi.

Sirrin da ya fasu

Kafin zuwan wannan manhaja, idan mawaƙi ya kauce sai dai a sake ɗauka, wani lokaci sau goma ko ashirin, sannan injiniya ya zaɓi wurare masu kyau ya haɗa. A zamanin faifan zare har da reza ake yanka shi a liƙa. Shi ya sa masu sitidiyo suka yi maraba da Auto-Tune, amma a asirce, domin babu mawaƙin da ke son a san an gyara masa.

A shekarar 1998 wata fitacciyar mawaƙiya Ba'amurkiya mai suna Cher ta fitar da waƙar "Believe". Masu haɗa mata sauti a Ingila, Mark Taylor da Brian Rawling, sun murɗa maɓallin nan har ƙarshe a wasu wurare na waƙar. Kamfanin da ke fitar da waƙoƙinta ya so a cire, ita kuma ta ƙi. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashe da dama. Da aka tambayi masu haɗa sautin yadda suka yi, da farko sai suka ce wata na'ura ce daban, don kada wasu su kwaikwaya. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, daga baya kowa ya gane.

Daga 2005 wani matashin mawaƙi Ba'amurke, T-Pain, ya mayar da wannan sauti tambarinsa. Kanye West ya cika kundinsa na 2008 da shi. Sai kuma suka ta taso. A 2009 Jay-Z ya yi waƙa sukutum yana shelar mutuwar Auto-Tune. A 2010 mujallar Time ta sa ta cikin jerin ƙirƙire-ƙirƙire 50 mafiya muni. Duk da haka ba ta mutu ba, sai ma ƙara yaɗuwa da ta yi. Ta kuma samu abokan gasa, irin su Melodyne ta kamfanin Celemony na Jamus, wadda ke nuna kowane sautin da mawaƙi ya rera a matsayin ɗan dunƙule a fuskar kwamfuta, injiniya ya kama shi ya ɗaga ko ya sauke da hannu.

A nan gida

Da kwamfuta ta shigo ƙananan sitidiyo na Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato, gyaran murya ya zama wani ɓangare na sautin waƙoƙin fim da na biki. Ya dace da salon da aka riga aka saba da shi, na murya siririya mai lanƙwasa irin ta finafinan Indiya, a kan kiɗan fiyano. Haka abin ya faru a Aljeriya da Maroko, inda mawaƙa ke yawan murɗa murya, manhajar kuma ta riƙa fito da murɗawar fili.

Wannan sauti namu har ya tsallaka iyaka. Mdou Moctar, makaɗin jita Abzinawa daga Nijar wanda a yau yake zagaya duniya da kiɗansa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna "Anar" a shekarar 2008, da muryar da aka bi ta da Auto-Tune irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun yaɗu a yankin Sahel daga waya zuwa waya, har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sa ɗaya daga cikinsu a wani kundi da ya fitar. Kamfanin ya kuma fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna "Harafin So" a 2013.

Sai dai akwai abin lura. Tsanin nan mai matakai 12 ba a kan kiɗanmu aka auna shi ba. Goge da kukuma ba su da wuraren da aka yanka wa yatsa, makaɗi yana zamewa ne duk inda kunnensa ya kai shi. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka yana kwaikwayon magana. Harshenmu ma kansa da karin sauti yake tafiya. Ku furta "kuka" ta zubar da hawaye da "kuka" ta miya, ko "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, za ku ji hawa da saukar murya ne ke bambanta su. Mawaƙa irin su Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge sun gina waƙoƙinsu a kan wannan hawa da sauka, kuma daga jin baiti ɗaya ka san wane ne. Idan aka matsa wa kowace murya ta hau tsani ɗaya da ƙarfi ɗaya, muryoyi za su fara kama da juna. Shi ya sa wani lokaci za ka ji waƙa uku a jere ka kasa tantance ko mutum ɗaya ne ya yi su.

Abin da ba za ta iya ba

Mu koma ga lissafinmu. Mai 430 an kai shi 440, an dace. To idan ya kauce sosai ya sauka a 425 fa? Yanzu ya fi kusa da 415, don haka idan an bar duk matakan a buɗe, manhajar za ta ja shi can, ta ƙara nisanta shi daga inda kiɗa yake. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Manhajar ba ta san waƙar da kake nufin rerawa ba, abin da ya fi kusa kawai ta sani. Saboda haka wanda ya fi iya waƙa shi ya fi cin moriyarta.

T-Pain ya tabbatar da haka. Shekaru ana yi masa gorin cewa na'ura ce ke masa waƙa. A 2014 ya zauna a wani shirin gidan rediyon NPR na Amurka, da mai fiyano ɗaya, ya rera waƙoƙinsa babu gyara, mutane suka sha mamakin zaƙin muryarsa. A 2019 kuma ya lashe gasar talabijin ta The Masked Singer, inda ake waƙa da fuska a rufe.

Haka nan manhajar ba ta ba mutum dogon numfashi, ba ta sa shauƙi a muryar da babu shi, ba ta kuma rubuta baiti. A wajen Bahaushe, ƙarfin waƙa yana cikin magana: azanci, da hikima, da amsa-amo, da saƙo. Rubutattun waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da Aliyu Namangi da kuke karantawa a ajin Hausa sun rayu har yau ba tare da ko ganga ba.

To maguɗi ne?

Amsar ta danganta da abin da aka gaya wa mai sauraro. Idan malamin lissafi ya ce kowa ya zo da kalkuleta, wanda ya yi amfani da ita bai yi laifi ba. Idan kuwa jarrabawar lissafin ka ce, wanda ya ɓoye ta a ƙarƙashin tebur ya yi satar amsa. Kayan aikin ɗaya ne a wuraren biyu.

Mawaƙin da ya murɗa maɓallin har kowa ya ji, ado ya zaɓa, kamar yadda wani ke zaɓar kalangu wani ya zaɓi fiyano. Kana iya cewa bai yi maka daɗi ba, amma bai yaudare ka ba. Wanda aka ɗan gyara wa wuri ɗaya ko biyu a sitidiyo shi ma bai yi nisa da marubucin da edita ya gyara wa kuskure ba. Inda matsala take shi ne gasa, ko duk wurin da aka ce muryar mutum ake aunawa. A 2010 masu shirya gasar waƙa ta The X Factor a Birtaniya sun amsa cewa an gyara muryoyin wasu 'yan takara kafin a nuna shirin, masu kallo suka fusata. Suna da hujja, domin alƙalanci aka ce su yi, sai aka ba su abin da aka riga aka taɓa.

Akwai kuma yaudarar kai, wadda ta fi cutar da mai koyo. Ɗalibin da ya saba jin muryarsa a gyare tun daga ranar farko ba zai san inda yake kaucewa ba, balle ya gyara. Ranar da aka miƙa masa makirfo a taron yaye ɗalibai, ko wuta ta ɗauke a tsakiyar biki, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Ga masu sha'awar waƙa

Kada ka auna muryarka da abin da kake ji a faifan fitattun mawaƙa. Abin da ya iso kunnenka ya bi ta hannun injiniya, an sake ɗauka, an zaɓa, an goge. Ka auna muryarka ta yau da ta watan jiya.

Ka riƙa ɗaukar kanka a waya babu wani gyara, ka saurara da kunnen mai neman kuskure. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta da makaɗa ke saita jita da su, waɗanda ke nuna matakin sauti. Ka ja sauti ɗaya ka ga ko za ka iya tsayar da allurar wuri ɗaya na daƙiƙa biyar. Ka koyi jan numfashi daga ciki, ka riƙa shan ruwa, ka guji ihu. Samari kuma su sani cewa a shekarun balaga maƙogwaro yana girma, murya takan fashe ta ƙi tsayawa. Wannan ba ciwo ba ne, yana wucewa.

Ka yawaita karatun Hausa da sauraren manyan mawaƙa, domin a nan ake tara kalmomi. Idan lokacin shiga sitidiyo ya yi, a tafi da sanin iyaye, a yi cinikin kuɗi tun kafin a fara, kuma ka roƙi injiniya ya jiyar da kai muryarka kafin gyara da bayan gyara. Kada kuɗin makaranta ko lokacin darasi su tafi a can. Wanda kuma ya ga na'urorin sun fi burge shi a kan waƙar, to haɗa sauti sana'a ce mai zaman kanta, kuma ƙofarta ita ce lissafi da fiziks da ilimin kwamfuta.

Aikin wannan mako

Ka samu rula ta roba ko ta ƙarfe, ka danne gefe ɗaya a bakin tebur, ka bar sauran a waje, ka ja shi ƙasa ka saki. Saurari ƙarar. Yanzu ka rage tsawon da ke waje ka sake. Me ya faru da sautin, kuma me ya sa? Sannan ga na masu lissafi: idan sauti yana karkarwa sau 440 a daƙiƙa, nawa zai yi idan aka sauko da shi matakai 12 cif? Ku rubuto amsoshinku tare da suna da aji da sunan makaranta.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.